Koyar da lissafi da bidiyon intanet a sakandare: amsa ga wani malami a Jos

Tambaya: Wani malamin lissafi da ke ɗaukar 'yan SS2 da SS3 a wata makarantar jeka-ka-dawo a Jos ta Arewa ya rubuto cewa ɗalibansa sun haura 60 a aji ɗaya, darasi minti 40 ne, yawancin yaran ba su da wayar kansu, wuta kuma ba ta zama. Yana ganin bidiyon lissafi birjik a YouTube. Shin zai amfani yaransa? Ya yi nasa ne ko ya ɗauko na wasu? Da wane harshe? Kuma ta ina zai fara?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Zai amfane su, amma da sharaɗi guda, kuma duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Duk lokacin da bidiyo ke tafiya, biro yana hannun yaro, takarda tana gabansa, kuma akwai wuraren da tilas a tsayar da hoton ya yi aiki da kansa kafin a ci gaba. In aka rasa wannan, za ka samu yara sittin da suka ji daɗin kallo, suka gyaɗa kai, suka ce sun gane, ranar gwaji kuma takarda ta ƙaryata su.

Dalilin kuwa shi ne lissafi a hannun gwani yana da daɗin kallo. Layi yana bin layi, komai yana zama daidai, sai mai kallo ya ɗauka sauƙin da yake gani a kansa yake, alhali a hannun mai rubutun yake. Gani ba ci ba ne. Derek Muller, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ta Ostireliya, ya gwada wannan da darussan fiziks. Ɗaliban da suka kalli bayani tsaf marar tangarɗa sun ce ya fito fili, ƙarfin gwiwarsu ya ƙaru, amma makinsu da ƙyar ya motsa. Waɗanda aka nuna wa bidiyon da ke kawo kuskuren da aka saba yi sannan a warware shi sun ce ya rikita su, amma su ne makinsu ya tashi. Riƙe wannan, domin zai dawo idan mun zo kan tsara darasi.

Akwai kuma abin da bidiyo ba zai taɓa yi maka ba: ba ya ganin littafin yaro. Ba zai san cewa yarinyar da ke layin baya ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5 ba. Aikin da za ka ɗora masa shi ne maimaita misali sau goma ba gajiya, da nuna abin da alli ba ya iya motsawa. Lokacin da ya rage maka sai ka kashe shi kana zagaya tebura kana duba rubutu.

Ba kowane babi ne ke buƙatarsa ba. Inda ya fi biyan wahalarsa shi ne inda ido ke son ganin motsi ko ganin hannu kusa-kusa. Zane da rula da kamfas na kan gaba, domin a aji mai mutum 60 'yan baya ba sa ganin inda ka kafa tsinin kamfas, amma kyamarar da ke kallon takarda daga sama tana nuna wa kowa. Sai zanen giraf a takardar giraf ta gaskiya, da zaɓen sikeli, da karanta amsa daga layin. Sai ƙa'idojin da'ira: a GeoGebra, manhajar zanen lissafi wadda kyauta ce kuma tana aiki ba data, za ka ja ɗigo a gefen da'ira yaro ya ga kusurwar ba ta canza ba muddin ɗigon yana kan baka ɗaya na da'irar, ya ga kusurwar tsakiya tana nan ninki biyu na ta gefe duk inda aka kai ɗigon. Sai layukan duniya na tsaye da na kwance, waɗanda zanensu a allo ke wahalar da yara. Ɗauki ƙwallo ko lemo ka zana layukan da maka a gaban kyamara. Ka yi misali da gida: Jos tana wajen digiri 10 arewa, Kano digiri 12, kuma kusan a layin tsaye ɗaya suke. Digiri 2 cikin 360, a ninka da kewayen duniya a kilomita, wato 2 × 22/7 × 6400, ya ba da kimanin kilomita 223. Yaron da ya taɓa shiga mota zuwa Kano zai ce hanya ta fi haka tsawo, daga nan sai hira mai amfani ta tashi kan bambancin titi da miƙaƙƙen layi a bayan ƙasa.

Game da ɗauko na wasu, akwai masu kyau, amma a tace. Khan Academy, wadda Salman Khan ya faro da ɗora bidiyo a YouTube a 2006 don 'yan uwansa, tana da bayani mai kyau a aljabara da tirigonometiri, sai dai an gina ta ne a kan karatun Amurka. Kalmomi sun bambanta: abin da takardar WAEC ke kira gradient su slope suke cewa, indices su exponents, standard form su scientific notation, trapezium su trapezoid, BODMAS su PEMDAS. Yaron da Turancinsa bai nuna ba zai ɗauka sabon babi ne. Sannan wasu abubuwan da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara ta a Najeriya, da jarrabawarmu suka ba muhimmanci, kamar teburin logaridim mai lamba huɗu, da biyarin mai lamba uku (bearing, wato kusurwar da ake aunawa daga arewa don nuna inda wuri yake), da nisa a kan layukan duniya, ba su da ƙarfi a can. Bidiyon malaman Ingila da Ghana da Najeriya sun fi kusa da salonmu. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ne kuma an tsara shi bisa manhajar karatun ƙasar nan. Ka leƙa ka ga abin da ya dace da ajinka.

Ko daga ina bidiyo ya fito, kada ka nuna wa yara abin da ba ka kalla daga farko zuwa ƙarshe ba, da biro a hannunka kana warware lissafin tare da mai yi. Ana samun kuskure a bidiyon da dubban mutane suka kalla, musamman a alamar ɗebewa da wajen taƙaita lamba. Abu na biyu da za ka duba ya fi wannan ɓuya. YouTube cike yake da bidiyon dabarun samun amsa cikin daƙiƙa goma, waɗanda aka yi don JAMB, inda amsa kawai ake zaɓa a kwamfuta. Takardar WAEC ta biyu tambayoyi 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, maki 100, kuma ana raba makin ne tsakanin hanya da amsa. In makin hanya ya faɗi, makin amsar da ya dogara da shi yakan bi shi. Yaron da ya saba da tsallake layi zai rubuta amsa daidai ya tashi da kusan babu. Saboda haka ka ware bidiyon dabara ka ajiye su sai gab da JAMB, kuma ka gaya wa yara a fili don me aka yi su.

A ganina, mafi yawan bidiyon da za ka yi amfani da su gara su zama naka. Muryarka suka saba da ita, ka san inda suke tuntuɓe, kuma za ka bi jadawalin darussan makarantarka mako-mako. Kayan aikin ba su da yawa: wayar Android da kake da ita, farar takarda A4, baƙar maka mai bakin milimita 1 zuwa 2, ja guda ɗaya, salatif, da iyafis mai makirfo. Abin riƙe waya na kasuwa yana da kyau in akwai hali. In babu, jera littattafai gida biyu tsayin santimita 35 zuwa 40, ɗora katako ko rula biyu a kai, ka kwantar da wayar kyamarar baya tana kallon ƙasa. Kada ka yi da kyamarar gaba, domin wasu wayoyin suna juya rubutu kamar a madubi.

Kwantar da wayar a gicciye, takardar ma a gicciye, ka manne kusurwoyinta huɗu da salatif don kada ta riƙa zamewa. Kafin ka fara, zana ɗigo huɗu da fensir a iyakar abin da kyamara ke gani, domin kuskuren da ya fi yawa shi ne malami ya yi minti biyu yana rubutu a wajen hoto bai sani ba. Danna allon wayar ka riƙe har ta kulle saitin gani da na haske. In wayarka ba ta yi, manhajar Open Camera kyauta ce kuma tana yi. In ba ka kulle ba, duk sanda hannunka ya shigo sai kyamara ta koma kansa, rubutun ya dushe, ya dawo, ya sake dushewa, idon mai kallo ya gaji. Haske ya zo daga hagunka in da dama kake rubutu, don kada inuwar hannu ta rufe abin da kake rubutawa. Hasken taga da safe ya fi na ƙwan lantarki. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa ake ganin baƙaƙen layuka suna yawo a hoton da aka ɗauka ƙarƙashin wasu fitilu. In dole sai da fitila, mayar da saitin kyamarar zuwa hoto 25 a daƙiƙa. Sa wayar a yanayin jirgin sama, kira ɗaya yana iya katse ɗauka.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, kuma a nan Jos tana da nata hali. Daga Yuli zuwa Agusta ruwa a kan kwano yana haɗiye murya gaba ɗaya, don haka ko dai ka nemi ɗaki mai silin, ko ka yi ɗaukarka da sassafe bayan Asuba kafin hadari ya haɗu da kuma kafin keke da janareta su tashi. Ajin da ba kowa yana amsa kuwwa. Ɗakin da ke da labule da katifa da darduma ya fi shi nesa ba kusa ba. Maƙala makirfon iyafis a wuyan riga, kimanin taƙi ɗaya daga baki, ka ɗauki daƙiƙa 20 na gwaji ka saurara da lasifikar wayar kanta, domin da ita yawancin yara za su ji.

Tsawo kuwa, minti biyar zuwa shida. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun nazarci kallo miliyan 6.9 na bidiyon darussa a edX, wani dandalin karatu na intanet, suka ga yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti shida komai tsawon bidiyon, kuma wanda rubutu ke fitowa a hankali kamar a allo ya fi riƙe mutane fiye da shafukan da aka riga aka buga. Waɗannan fa mutane ne da suka yi rajista da kansu don suna so. Ɗan shekara 15 da aka zaunar ba zai fi su haƙuri ba. Bidiyo ɗaya, dabara ɗaya. Babin kwadiratik shi kaɗai zai ci bidiyo biyar ko shida.

Ga yadda minti shidan za su kasance, da misali. Rubuta tambayar tun kafin ka kunna kyamara: 2x² − 5x − 3 = 0. Ba doguwar gaisuwa, sallama da jimla ɗaya kan abin da za a koya sun isa. Nuna cewa 2 sau −3 ya ba da −6, kuma ana neman lambobi biyu da in an ninka su za a samu −6, in an tara su a samu −5. A nan ne tsayawar farko. Ɗaga wata takarda da ka rubuta "Tsaya, nemo su" da jar maka, ka yi shiru na daƙiƙa uku don mai riƙe da rimot ya samu dannawa. Da an dawo, kada ka ba da amsa nan take. Rubuta −2 da −3 tukuna, domin yara da yawa su za su kawo, ka tara su a ga −5 ya fito, sannan ka ninka a ga +6 ne ba −6 ba, ka soke su da ja. Wannan shi ne abin da binciken Muller ya nuna: yaro ya ga nasa kuskuren a rubuce, ya ga inda ya karye. Sai ka kawo −6 da +1, ka raba tsakiyar: 2x² − 6x + x − 3 = 0, sai 2x(x − 3) + 1(x − 3) = 0, sai (2x + 1)(x − 3) = 0, x ya zama 3 ko −1/2. Mayar da 3 cikin tambayar a ga 18 − 15 − 3 ya ba da sifili, don su saba da duba aikinsu.

Misali na biyu ka yi rabinsa kawai. 3x² + 5x − 2 = 0, ka kai su har 3x² + 6x − x − 2 = 0, ka ɗaga takardar tsayawa. Ramin da ke nan shi ne fitar da −1 daga −x − 2: da yawa za su rubuta −1(x − 2) maimakon −1(x + 2), sai baka biyun su ƙi zama iri ɗaya, yaro ya tsaya cak ko ya yi ƙarfa-ƙarfa ya canza alama. Nuna wannan da jar maka, ka ƙarasa a samu x = −2 ko 1/3. Misali na uku, 2x² + 7x + 3 = 0, ka rubuta shi ka rufe bidiyon ba amsa. Amsarsa a aji za a kawo maka. Cikakke, rabi, sannan babu komai: haka ake janye hannu a hankali har yaro ya tsaya da ƙafarsa.

Idan ka yi tuntuɓen harshe ko ka rubuta lamba ba daidai ba, soke ta ka gyara ka wuce, kamar yadda kake yi a allo. Malaman da suka ce sai bidiyo ya fito ba aibi su ne suke yin uku su gaji su bari.

Batun harshe, shawarata ita ce baki ya yi Hausa, hannu ya yi Turanci. Jarrabawa da Turanci za ta zo, don haka duk abin da ka rubuta a takarda, da kalmomin umarni irin su simplify, evaluate, factorize da correct to three significant figures, su zauna yadda za su gan su a takardar tambaya, ka faɗe su da Turanci, ka bayyana da Hausa abin da ake so a yi. Dalilin kowane mataki kuwa, me ya sa alama ta juya, me ya sa ba a raba x² = 5x da x a yar da amsar sifili, wannan a yi shi da harshen da yaro ke tunani da shi. Sai dai ka dubi ajinka. A Jos aji ɗaya kan haɗa Bahaushe da Birom da Afizere da Ibo da Bayarabe. Yawanci suna jin Hausa, amma in akwai waɗanda ba ta zauna musu ba, maimaita muhimmin mataki da Turanci mai sauƙi cikin bidiyon, kada a bar kowa a baya.

Yanzu sai nauyin fayil, wanda a nan ne aikin mutane da yawa ke zama aikin baban giwa. Waya in ta ɗauka a 1080p tana cin sama da MB 100 a minti ɗaya, wato bidiyon minti shida zai kai MB 600 zuwa 800. Ba uban da zai bari a sauke wannan da datarsa. Sa shi a HandBrake, manhajar matse bidiyo a kwamfuta, kyauta ce, ka zaɓi MP4 da H.264, girman 480p, hoto 15 a daƙiƙa, sauti a kilobit 64 a daƙiƙa. Lissafinsa: hoto a kilobit 500 da sauti a 64 sun kama MB 4 da ɗan kai a minti, minti shida MB 25. Farar takarda ba ta motsi, don haka sau da yawa yana fitowa ƙasa da haka. Bidiyo 30 na zango guda za su tsaya a wajen MB 750, daidai nauyin guda ɗaya da ba a matse ba. Bayan matsewa, buɗe shi a ƙaramar waya ka duba ko ƙaramin 2 na saman x da alamar ɗebewa suna fitowa. In sun dushe, rubutunka ne ya yi ƙanƙanta, ko ka koma 720p. Guji tsarin matsewa na H.265, tsofaffin talabijin da wayoyi masu araha ba sa buɗe shi.

YouTube ka ɗauke shi a matsayin rumbu. Ɗora bidiyon a can, ka jera na kowane babi a jeri ɗaya bisa tsari, ka rufe wurin sharhi, in kuma ba ka son kowa ya gani ka zaɓi Unlisted, wanda sai mai mahaɗin ne zai buɗe. Amma kada ya zama ta nan ne yawancin yara za su kalla. Yana cin data duk kallo, akwai talla, kuma da bidiyonka ya ƙare zai jawo wani abin da ba ruwansa da lissafi. Abin da aka sauke a cikin manhajar YouTube kuma a cikinta yake zama, ba a tura shi wata waya. Hanyar da ta fi aiki ita ce fayil ɗin kansa ya yi yawo: ta Xender ko Bluetooth daga waya zuwa waya, ta katin memori, ko ta WhatsApp. In ta WhatsApp ne, tura shi a matsayin fayil, kada ka tura ta wurin hotuna, domin a can ana sake matse shi rubutu ya lalace. Ba kowane fayil suna mai tsari, kamar SS2 kwadiratik 01, SS2 kwadiratik 02, don su jeru da kansu. Bidiyon wasu kuwa, sauke shi da manhajojin bayan fage ya saɓa ƙa'idar YouTube sai da izinin mai shi. In darussan Khan Academy kake so ba data, manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality don haka aka yi ta: a sa ta a laftof ɗaya, a sauke darussan sau ɗaya inda akwai intanet, sannan wayoyi su haɗu da laftof ɗin ta wayfay na cikin makaranta su kalla ba tare da cin ko kobo ba.

Tunda yawancin yaranka ba su da waya, aji ne zai zama babban wurin kallo. Tsakanin majigi da talabijin, talabijin ya fi dacewa da halinka. Majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 300, yana son duhu, kuma ɗaukewar wuta ba zato tana rage ran ƙwansa. Talabijin mai inci 43 yana cin wajen wat 60 zuwa 80, yana nunawa da rana tsaka, yana karanta filash kai tsaye ba sai da kwamfuta ba. A tsara filash ɗin a FAT32, shi ne kusan kowane talabijin ke ganewa. Batir mai 100Ah a bolt 12 yana riƙe da wat-awa 1,200. In irin na gubar nan ne, rabi kawai ake sha don ya daɗe, saura 600, inbata ta ci nata a bar ka da wajen 500, wato kimanin awa shida na talabijin mai wat 80. Ya ishi yini guda har da ragi, tunda minti goma sha kaɗan yake aiki a kowane darasi. A sa masa abin kare tartsatsin wuta, a kuma zare shi daga soket in hadari ya taso, tsawar daminar Jos ba ta wasa da kayan lantarki.

Allon inci 43 tsayinsa santimita 53 ne kawai. Yaron da ke nisan mita 8 yana buƙatar harafi mai tsayin kamar santimita 4 a allon kafin ya karanta ba wahala, wato layi shida ko bakwai ne iyakar abin da shafi ɗaya zai ɗauka. Da wannan za ka auna girman rubutunka tun a wurin ɗauka. Kafe talabijin ɗin sama da kan 'yan gaba in suna zaune, kada ya fuskanci taga, ka haɗa masa ƙaramar lasifika mai caji, sannan ka je kujerar ƙarshe da kanka ka zauna ka gani.

Minti 40 ɗin kuma a raba su haka. Biyar na farko, tambayoyi biyu a allo daga darasin jiya, yayin da ake kunna kaya. Bidiyon minti shida tare da tsayawarsa zai ci 12 zuwa 13. Ba wa ɗalibi ɗaya rimot, kai kana tsakiyar aji, kuma a kowace tsayawa kowa ya rubuta amsarsa baro-baro a bayan littafi ya ɗaga sama. Da kallo ɗaya za ka san ko mutum 10 ne suka ɓata ko 40. In 40 ne, kashe talabijin ka koma allo, bidiyon bai isar ba. Minti 17 na gaba aiki ne daga littafi, su biyu-biyu, kana zagayawa. Biyar na ƙarshe, tambaya biyu a 'yar takarda, kowa shi kaɗai, a miƙa maka a bakin ƙofa. Waɗannan takardun ne za su gaya maka da me za ka buɗe gobe.

Za ka ji ana maganar juya aji, wato yara su kalli darasi a gida su zo makaranta a yi aiki. Malaman kemistiri biyu a jihar Colorado ta Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, su suka yaɗa shi daga 2007. Yana aiki inda kowane yaro ke da abin kallo da lokacinsa. A Unguwar Rogo ko Gangare ko Rikkos, yaro ya tashi daga boko ya wuce Islamiyya, wani ya tafi shago ko gareji, yarinya ga aikin gida, wayar kuma ta baba ce sai ya dawo da dare in da caji. In ka gina darasin gobe a kan cewa kowa ya kalla, ka hukunta marar hali kan abin da ba laifinsa ba. Don haka kallon gida ya zama maimaici ne da taimakon wanda bai zo ba, da kuma ranakun da aka rufe makarantu, kamar yadda aka yi a 2020 ko lokacin dokar hana fita. Kowane bidiyo ya tafi da rabin shafi na takarda mai ɗauke da misalan nan uku da gurbin cikewa, ta yadda wanda bai samu waya ba yana da abin yi, wanda ya samu kuma akwai shaidar ya yi da hannunsa. Waɗanda ba su da hanya sam, a buɗe musu talabijin ɗin makaranta lokacin tara ko minti 20 bayan tashi, kwana biyu a mako.

Akwai abin da ba a sakaci da shi. Hannunka da takarda kawai za su fito a bidiyo, ban da fuskar ɗalibi, ban da sunansa, ban da takardar jarrabawarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, sai da yardar iyaye ake amfani da bayanansa. Zauren WhatsApp ya zama na lambobin iyaye, da sanin shugaban makaranta, da wani malami ko malama a ciki, a kuma saita shi masu kula kaɗai ke turawa. Kada a buɗe ƙofar hira ta sirri tsakanin malami da ɗaliba ko ɗalibi, tambaya a kawo ta aji. Ka yi wa iyaye bayani a taron iyaye da malamai tun kafin fayil na farko ya fita, domin uban da ya ga 'yarsa riƙe da waya da dare yana da haƙƙin sanin me take kallo.

Wajen farawa, kada ka ɗauki manhajar shekara gaba ɗaya. Buɗe rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke wallafawa a shafinta, inda ake lissafa wuraren da ɗalibai suka fi rauni kowace shekara, ka haɗa da abin da takardun ajinka suka nuna, ka zaɓi babi ɗaya. A ce biyarin ne. Bidiyo na farko, zana layin arewa da auna kusurwa daga gare shi ta hannun agogo. Na biyu, biyarin na komawa. Na uku, mayar da tambayar zance zuwa zane: mutum ya tashi daga P ya yi kilomita 8 a kan 060° zuwa Q, ya juya ya yi kilomita 6 a kan 150° zuwa R. A nan za a daɗe, domin wanda ya zana daidai zai ga komawa daga Q zuwa P 240° ne, a cire 150° saura 90°, sai PR ya fito kilomita 10, biyarin R daga P kuma 097°. Wanda bai zana sabon layin arewa a Q ba, ko ƙa'idar kosain ya haddace ba za ta cece shi ba. Na huɗu da na biyar, tambayoyin da kusurwar ba 90° ba ce. In akwai wani malamin lissafi a makarantar, ku raba babin, kowa ya duba na ɗan'uwansa kafin yara su gani.

Kafin ka fara babin, ba su tambayoyi biyar ka ajiye makin. Bayan mako uku ka ba su wasu biyar masu nauyi ɗaya, sannan ka sake bayan wata guda ba sanarwa, domin na ukun ne ke nuna abin da ya zauna. Kada ka tsaya a jimillar maki, duba a wane layi aka fi faɗuwa. In yara 25 sun manta layin arewa na biyu, bidiyo na uku ne ke son gyara: sake ɗaukarsa, ka sa takardar tsayawa daidai lokacin da matafiyin ya iso Q, kafin ka zana komai a wurin.